Kuben da Baba Ya Gyara Mini

Shekaranjiya 'yata ta ɗauko ni a motarta daga wajen likitan ido, maimakon mu miƙe gida unguwar Safa sai na ce ta bi da ni ta Bab Makka, tsohuwar kasuwar Jidda. Ta yi ta mitar cunkoso, ni kuwa na manna fuska a gilashi ina neman inda rumfarmu take. Sau biyu muka zaga. Wurin da nake kyautata zaton nan ne, yanzu wani shago ne mai fitilu kala-kala, ana sayar da rigunan waya na roba. Ban ji haushi ba, a kan me zan ji, shi ma mai shagon abincinsa yake nema. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne da na sauke gilashi na shaƙi iska, ban ji warin fata ba ko kaɗan. A da kuwa ko makaho aka kawo bakin lungun nan zai ce an iso wajen dukawa.

Mu dukawa ne tun daga sama. Kakana da ƙafa ya taso daga ƙasar Hausa zuwa aikin hajji, ya yi shekaru a hanya, duk garin da guzuri ya ƙare sai ya zauna ya ɗinka wa mutane takalma da kube har ya samu na gaba. Da ya iso Jidda babu abin da ya rage masa na gida sai wuƙar yankan fata guda ɗaya, mai ƙotar ƙaho, wadda wasawa ta cinye har ta koma kamar ganyen dalbejiya. Ita Baba ya gada, a rumfar da ya bari kuma na buɗe ido. Har yau in na rufe ido ina jin safiyar lungun nan: ƙarar gwangwanayen mai ruwa, kukan jakin mai amalanke, ɗan Yaman ɗin da ke sayar da yadi kusa da mu yana kakkaɓe bandir, sai kuma wannan ɗan ƙaramin sauti da basilla ke yi in ta huda ƙirgi. Aikina na farko shara da yayyafa ruwa a ƙofar rumfa, sannan in ruga in sayo tamis da ful, wato gurasa da dafaffen wake, tun da zafinsu. In mun karya sai in zauna murza zare da kakin zuma a cinya, har gashin wurin ya ƙare bai sake fitowa ba. Ni ke dama kuloko, baƙin rinin da ke kama farce ya yi mako bai fita ba, ni ke jiƙa karan dafi na jar fata. Muna yin gafakar Alƙur'ani, da ɗamarar da alhazai ke ɗaurawa a kan harami, da kuben takobi da na wuƙa na mutanen ƙauye masu shigowa gari da raƙuma. Zafin Jidda da gumin teku su haɗu da warin jima, rigarka ta manne a baya tun hantsi, amma ban tuna na taɓa cewa na gaji ba.

Baba mutum ne mai ƙarancin magana, sai dai a kan kube yana da ra'ayi, kuma ba ya sayar da shi ko nawa ne. Duk kuben da aka gama a rumfarmu sai ya zura wuƙar da aka yi shi dominta a ciki, ya kifa shi ƙasa, ya girgiza sau uku. In ta motsa ko da kaɗan, sai ya miƙo maka ba tare da ya dube ka ba, ka san kwancewa za ka yi. Yakan ce, "Wanda ya kai hannu ga ƙarfe a fusace yake. Aikin kube ya riƙe masa shi, ya ja, ya sake ja, kafin ya fito wataƙila ya tuna da Allah." Na ji wannan magana har na haddace ta kamar karatun allo. Na kai shekara ashirin da biyu a duniya, bakwai daga ciki ina ɗinki, gemu ya fara tsiro, amma ban taɓa yanka fata da wuƙar Kaka ba. A gidanmu wanda aka miƙa wa wannan wuƙa shi ne ya zama baduku, sauran duk 'yan ɗinki ne. In na yi ƙorafi sai Baba ya ce, "Da saura." Kalma biyu ke nan, ba ƙari.

A lokacin akwai wasu gidaje masu faɗin tsakar gida da ake kafa farin ƙyalle a bango ana haska fim, a jera benci, ka biya ka zauna. Can na fara ganin kaboyi. Abokaina harbi suke kallo da sukuwar dawaki, ni kuwa idona na kan ƙugun mutanen. Ɗamara mai faɗi ta zauna a karkace, harsasai jere a bayanta, kube ya sauko kan cinya bakinsa a buɗe, bindiga ta fito kamar an shafa mata mai. Sai in ga abokaina suna ihu, ni ina lissafin inda ɗinki ya bi. Na sha zane a tafin hannu da bakin gawayi don kada in manta kafin in isa gida. Ban taɓa gaya wa Baba ba, don a wurinsa kuben da ke sakin ƙarfe da sauri ba kube ba ne, abin kunya ne.

Ana nan sai ga wani Bature, irin waɗanda muke kira Hawaja, dogo, jajir da shi saboda rana, yana aiki da masu gyaran jiragen sama. Ya tsaya a ƙofar rumfa ya daɗe yana juya wani kuben takobi, sannan ya ciro hoto daga aljihu, ya kwance wani ƙunshi. Tsohuwar libarba ce ta kakansa, an daɗe da toshe bakinta, ba ta tashi, ado ce kawai. Da gurguwar Larabcinsa ya ce yana hawan doki a bayan gari ranar hutu, yana son ɗamara da kube irin na hoton. Baba ya dubi hoton sau ɗaya ya mayar masa.

"Wannan ba aikinmu ba ne," in ji shi.

Ban san lokacin da bakina ya ce, "Ni zan iya" ba. Har ɗan Yaman sai da ya leƙo. Da Hawaja ya tafi, bayan na kwantar da bindigar a kan takarda na zagaye ta da fensir na auna ko'ina da zare, Baba ya ce, "Ka karɓa, kai ka sani. Amma ba da wuƙata ba."

Abin da Baba bai sani ba shi ne wani abokina ya samo mini gurbi a mina, tashar jiragen ruwa, aikin ƙidayar kaya, da inuwa da albashi. Duk samarin lungunmu can suka kwarara a shekarun nan. An ba ni mako biyu in kawo amsa. Sai na ƙulla a raina: in wannan aiki ya yi kyau har Baba ya yarda ni ma baduku ne, na zauna. In kuwa ya sake cewa da saura, to na bar dukanci ke nan, wuƙar Kaka ta nemi wani hannun. Wani hannun kuwa babu, don ni kaɗai ne namiji a gidanmu.

Na sayi wuƙar masu gyaran takalma, na sassaƙa bindigar katako daidai da awon da na ɗauka. Jar fatar akuya da muka saba da ita ta yi laushi da yawa, sai na nemo ƙirgin sa mai kauri, na jiƙa shi da ruwan ɗumi, na naɗe katakon da shi, na bi da guntun ƙaho ina dannawa har kowane tudu da kwari ya fito. Na yi wa ɗamara gidajen harsashi ashirin da huɗu, kowanne na naɗa shi a jikin kara don su zo daidai. Wajen ado ne abin dariya ya faru. Na so in zana furanni irin na fim, amma hannuna bai san su ba, duk inda na fara fure sai ya ƙare a dagi irin na gafaka. Na haƙura na bar shi haka, kaboyi da dagin Hausa. Bakin kuben kuwa na buɗe shi sosai, na goge cikinsa har ya yi santsi, katako na shiga yana fita ba ko gargada. Kwana goma sha biyu ina wannan aiki a kusurwar rumfa, Baba na nasa aikin, amma ina ganin wutsiyar idonsa.

Ranar Alhamis na gama. Na rataye shi a ƙusa da bindigar katakon a ciki, na ce wa Baba zan je ganin wani aboki, na tafi mina na ga wurin da za a ajiye ni in na amsa. Juma'a ba ma buɗewa. Asabar da safe na tarar da aikin a naɗe cikin farin ƙyalle, an ɗaure shi tsaf, irin naɗin da Baba ke yi wa takobin manya.

"Na naɗe maka, kada ƙura ta ɓata," in ji shi, har da ɗan murmushi.

Daɗi ya kama ni. Na ce a raina lallai tsoho ya sauko. Saboda girmama naɗin nasa ban ma kwance ba.

Bayan la'asar Hawaja ya iso, ya zo har da malafarsa mai faɗi. Kafin ka ce me, lungu ya cika, masu yadi da masu turare da 'yan dako duk sun taru kallon Bature zai zama kaboyi. Ya ɗaura ɗamara, ta zauna masa ɗas a ƙugu, ya shafa dagin yana ta "jamil, jamil," wato ya yi kyau. Ya ɗauko libarba ya zura. Na ga sai da ya danna da tafin hannu kafin ta shige, amma na ce ko gumin iska ne ya kumbura fatar. Ya ja da baya, ya buɗe ƙafafu, ya karkata malafa, ya saki hannuwa kamar yadda suke yi. Ɗan Yaman ya ɗaga murya, "Yalla, ya Hawaja!" Ya kai hannu ya fizga. Bindiga ba ta fito ba, sai ɗamarar gaba ɗaya ta biyo hannunsa har hammata. Ya sake fizga, ya yi tsalle da ƙafa ɗaya, malafa ta faɗi. Lungu ya kece da dariya, wani ɗan dako har da zama a ƙasa. Ɗan Yaman ya riƙe kuben, Hawaja na jan ƙota, su biyu suna nishi, ko gezau.

Na durƙusa na duba. A cikin ɗinkina, kusa da baki, ga wani sabon layin ɗinki, ƙanana ƙwarai, a ɗan kwance, kowanne daidai da ɗan'uwansa. Ko a mafarki na san wannan hannu. Nan take na gane abin da ya faru. Bayan fitata ranar Alhamis Baba ya sauko da aikin, ya kifa shi kamar yadda ya saba, bindigar katako ta faɗo ƙasa tim. A ganinsa ɗansa ya tafka kuskuren da zai sa kasuwa ta yi masa dariya. Bai so ya karya mini gwiwa ba, sai ya zauna ya matse bakin, ya jiƙa fatar, ya shanya ta a rufin ɗaki ranar Juma'a har ta ƙame. Asirina ya so ya rufa.

Raina ya ɓaci ƙwarai, ba zan ɓoye ba. Maganar tana bakina. Amma ɗa ba ya tona mahaifinsa a tsakiyar kasuwa, ko da kasuwar ce ke ƙonewa. Na miƙe na ce wa Hawaja da Larabci ya yi haƙuri, kuskurena ne, ban iya awo ba. Ina faɗa ina jin dukanci na fita daga jikina. Na ce shi ke nan, gobe da sassafe sai mina.

Sai na ji Baba ya ajiye basilla. Ya miƙe, mutumin da ko gwamna ne ya zo sayayya daga zaune yake amsa masa. Ya yi magana da Larabci don kowa ya ji, muryarsa ba ta ko rawa.

"Ku daina yi wa yaron nan dariya. Aikinsa daidai yake. Ni na sa hannu a abin da ban sani ba, na ɓata."

Dariya ta ɗauke kamar an rufe famfo. Ɗan Yaman ya ce, "La, ya Ammi, ba komai, abin wasa ne." Baba bai ko dube shi ba. Ya juyo wajena ya koma Hausa, a hankali.

"Don me ka ce kai ne?"

Na sunkuyar da kai. Ya daɗe yana kallona. Sannan ya sa hannu ƙarƙashin buzun da yake zama, ya ciro wuƙar Kaka, ya juya ta ya miƙo mini ta ƙota.

"Fitar wa baƙo da kayansa. Bi ta layina, kada ka taɓa naka."

Na karɓa. Ban san haka take da rashin nauyi ba. Na sa tsininta a ɗinkin Baba, ɗinkin da duk Bab Makka babu mai irinsa, na bi shi ɗaya bayan ɗaya ina tsinkewa. Fatar ta riga ta ƙame, dole sai da na tsaga bakin kuben kafin libarba ta fito. Yankana na farko da wuƙar gado ke nan, kuma aikin ubana na yanka. Da na gama na goge ta zan mayar masa, sai ya koma mazauninsa ya ɗauki basilla ya ce, "Ajiye ta a wajenka. Ai sabo za ka yi masa."

Kwana tara na yi ina sabon. Baba bai sa hannu ba, amma a rana ta ƙarshe ya matso ya tsuguna kusa da ni kamar mai neman alfarma, ya ce, "Ba gyara zan yi ba, tambaya ce. Ba za a sa masa ko ɗan siririn maɗauri ba, wanda sai an cire kafin a zaro?" Na yanka 'yar tsirkiyar fata na maƙala a baki. Da Hawaja ya gani sai ya yi dariya ya ce ai kuben kakansa ma da irinta, su mutanen da can sun san doki na jefar da bindiga. Baba ya gyaɗa kai ya ce, "Ashe su ma suna da dattawa." Mina kuwa ban sake taka ta ba sai rakiyar baƙi.

Daga wannan Bature abokansa suka fara zuwa, daga su sai 'ya'yan gari masu dawaki, har aikin ya fi na takobi kasuwa. Da shi na yi aure, da shi na aurar, da shi na kai Baba makwancinsa. Yanzu duniya ta juya. Rumfa ta tafi, ina aiki a wani ɗaki cikin gidan 'yata a Safa, da na'urar sanyaya ɗaki da kujera mai jingina, babu mai ruwa, babu jaki, sai ƙarar lif. Fata a kwali take zuwa, an rina an goge, ba ta da wari, wani lokaci sai na kai ta hanci in tabbatar daga jikin dabba ta fito. Masu saye ba na ganin fuskarsu, ta waya suke aiko da awo, masu tara kayan da, da masu wasan dawaki, da masu shirya fim. Ba na kuka da wannan. Ina ci, ina sha, ina zuwa masallaci da ƙafata, a wata in gama ɗamara biyu ba mai kora ta. Kowane kube ya fita da ɗan maɗaurinsa, kowace ɗamara da daginta. Tsohon kuben nan da na tsaga yana rataye a ƙusa saitin teburina, guntayen zaren Baba na nan a jikinsa.

Ita 'yar tawa ita ta ɗauki hannu, ko da yake jakunkunan mata take yi. Tana jin Hausa sarai, amma in za ta amsa rabi Larabci ne. Jiya da hantsi za ta kai yara makaranta ta bar wata sabuwar jaka a kan teburi. Na ɗauka na juya. Fata mai kyau, ɗinki ba laifi, amma bakin a yanke yake kawai, ba naɗi, ba guga, gashin fata a tsaye, ga baki a hangame babu abin rufewa. Na ce subhanallahi, yarinyar nan za ta kunyata mu. Aikin rabin sa'a ne, kafin ta dawo na gama, ba ma za ta sani ba. Har na jawo ruwan ɗumi, har na zare basilla. Da na ɗaga kai neman zare sai idona ya sauka a kan ƙusa.

Na mayar da basilla, na zubar da ruwan, na zauna na harɗe hannuwa kamar mai jiran liman. Da ta shigo ta dubi jakar, ta dube ni, ta ce, "Abuya, ka taɓa?"

"Ban taɓa ba. Tambaya ce dai da ni. Bakin nan haka ake son sa?"

"Aiwa, haka ake so yanzu. Halas, magana ta ƙare, an ma saya."

Na ce to madalla. Na sa hannu ƙarƙashin matashin kujerata na ciro wuƙar Kaka, na juya ta, na miƙa mata ta ƙota.